Randunan Goggo

Ranar da muka kai Goggo makwancinta ta faɗo ranar kasuwar Ɗambatta, saboda haka hanyar ƙofar gidanmu cike take da mutane. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi mana ta'aziyya a wunin nan ba don ita suka fito daga gida ba. Ƙishirwa ce ta tsayar da su. Muna zaune a kan tabarmi a gindin ceɗiya, sai ka ga mai keke ya sauka, ya jingine kekensa, ya nufi randunan nan uku kamar yadda ya saba. Sai ya ɗaga faifai ya ga cikin randa a bushe, sannan ya waiwayo ya lura da taro.

Wani mai fataucin kaji daga wajen Bici ya tambaye ni, “Malam, ina tsohuwar?”

Na ce yanzu muka dawo daga kai ta.

Bai nemi tabarma ba, a ƙasa ya zauna. Ya yi salati, sannan ya ce tun yana saurayi yake shan ruwanta, ga shi yau da furfura, kuma bai taɓa sanin sunanta ba. Wata Bafulatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a tsakiyar rana ta shige wajen mata tana kuka, sai da aka bi ta da ƙwaryar. Aminin mahaifinmu, wanda yanzu da ƙyar yake gani, ya gaisa da kowa a kan tabarmar, amma da ya zo kan Yaya, babban wana, sai ya janye hannunsa ya wuce. Kowa ya gani, kowa ya sunkuyar da kai.

A bayana kuma, inda samari suka tsugunna, na ji wata magana da ba a so in ji ba. Ɗaya ya ce randunan nan ne suka ci ta. Ɗayan ya ce ai saura kaɗan su ci matar Yaya ma, kuma mutum nawa suka kwantar a unguwar nan.

Ban juya ba. Abin da ya hana ni juyawa shi ne ban iya cewa ƙarya suke yi ba, kuma ban iya yarda cewa iyakar labarin Goggo ke nan ba. Yaya, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba, ya riga ya ce zai farfasa randunan. A ranar ma ya so ya yi, Liman ya roƙe shi ya bari sai an yi addu'ar arba'in a zauna a yi shawara. Ni kuwa ina son a bar su, domin su ne kaɗai abin da ta bari. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Da wannan nauyin na yi zaman makoki, kuma shi ya sa na ɗauki biro, ni da karatuna bai wuce firamare ba. Idan na ƙara wani abu ko na rage, Allah Ya yafe mini, na yi iyakar ƙoƙarina in faɗi abin da na gani kawai.

Goggo yayar Baba ce. Ta yi aure a wani ƙauye gabas da mu, ta haihu, ’ya’yan ba su tsaya ba, mijin ya rasu, ta dawo gidan ubanta. Daddawa take yi ta ci da kanta. A idon sawunta na hagu akwai wani tabo mai zurfi, na kurkunu. Ta sha ba mu labarinsa. Tsutsar ta fito mata ne a farkon damina tana goyo, ta yi daminar nan gaba ɗaya a kwance ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, nono ya ƙafe, jaririn ya tafi. Daga baya, da ma'aikatan lafiya suka zo suna cewa a ruwan sha ake haɗiyar cutar, suna raba ƙyallen tace ruwa, Goggo ta karɓi maganar nan kamar yadda ake karɓar karatu daga bakin malami. Kurkunu ya ɓace daga ƙasarmu tuntuni, matasa ma ba su san shi ba, amma ita ba ta taɓa ba ɗan Adam ruwan da bai bi ta ƙyalle ba.

Ga yadda take yi. Randunan manya ne, an binne su har wuya a cikin yashi a gindin ceɗiyar, tana yayyafa wa yashin ruwa don sanyi. Ba a taɓa ciro su ba, kuma ba ta barin su ƙare. In ruwa ya yi ƙasa sai a ƙara wani a kai, don a cewarta randar da ta bushe tana tsagewa, kuma tsohon ruwa shi ke ba sabo daɗi. A gefe akwai ƙaramin tulu da ta ɗaure wa ƙyalle a baki. Daga randa take ɗebowa ta zuba ta ƙyallen, daga tulun ake tsiyaya wa mai sha a moɗa. ’Yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil da suke tsayawa a kan ƙyallen kuwa, sai ta kaɗe wa kajinta. Tana alfahari da haka ƙwarai.

Ni ne mai kawo mata ruwa a kura tun da na kawo ƙarfi. Ni mutum ne mai yawan wasiwasi, ban ɓoye ba. Nakan maimaita alwala, nakan koma in duba ƙofar garke bayan na san na rufe. Goggo ba ta taɓa barin wannan ya wuce ba.

“Malam Wasiwasi, kai ko Aljanna aka sa ka, sai ka tambaya wa ke riƙe da makulli.”

“Goggo, ai duba abu ba laifi ba ne.”

“Sauke jarkokin tukuna, sai ka ƙirga ko akwai wadda ta gudu a hanya.”

In baƙo ya karɓi moɗa a tsaye, sai ta ce, “Wa ya koro ka? Zauna.” In ya fara dogon godiya sai ta katse shi, ta ce ya miƙa wa na bayansa. Ba ta son a yi mata addu'a da ƙarfi a gaban mutane, tana cewa ana rage mata lada.

Akwai ranar da ba na mantawa. An kama wani mutumin unguwar gaba da akuyar sata, aka ɗaure masa hannu ta baya, aka biyo da shi ta ƙofar gidanmu za a kai shi gidan mai unguwa. Ya sha duka, leɓensa ya fashe. Goggo ta miƙe daga kujerarta ’yar tsugunno ta tare hanya.

Ta ce, “Ku tsaya ya sha.”

Mai akuyar ya ce, “Goggo, ɓarawo ne fa.”

“Na ji. Na ce ku kwance shi ne? Cewa na yi ya sha.”

Da hannunta ta riƙe masa moɗar a baki har ya ƙoshi. Sannan ta dube shi ta ce, “Kai kuma ka ji kunya. Da uwarka muka yi tashen ’yanmatanci, yau da wane ido zan kalle ta?” Ta sake cika moɗar ta miƙa wa mai akuyar. “Kai ma sha. Tun daga bakin rafi nake jiyo muryarka.”

Ya sha. Bayan nan wasu suka ce ba za su ƙara sha da moɗar da ɓarawo ya sa wa baki ba. Ta ce duk mai ƙyama ya riƙa zuwa da tasa. Ba ta sake moɗar ba.

Sai shekarun nan na matsi suka zo. Taki ya fi ƙarfin mutane, abin da aka noma ba ya kai wa wata damina. Fanfon tuƙa-tuƙan unguwarmu ya lalace, aka yi ta maganar gyara har aka gaji aka daina. Rijiyoyi suka ja baya. Kowa ya koma tara ruwan sama a duk abin da ya samu: duro, bokiti, tsohuwar tukunya, yankakkiyar jarka. In an yi ruwa sai ka ga kowane gida ya jera kaya a ƙarƙashin indararo. Wanda ya tara da yawa shi ake yaba wa hankali.

A daminar bara wani zazzaɓi ya shigo. Mun ce maleriya ce, don ba mu san wani zazzaɓin damina ba sai ita. Amma wannan daban yake. Bayan ido ke ciwo, gaɓoɓi kamar an daka su a turmi, wasu kuma jajayen ƙuraje su feso musu. A kemis a tsaga yatsa a gwada a ce ba a ga maleriya ba, amma a ba ka maganinta, don babu wani abin da za a ba ka. Kuma dukkanmu a gidan sauro muke kwana. Goggo ma ta kwanta a baran, ta sha jiƙon darbejiya, ta tashi ta koma bakin randunanta. Bana ya dawo, ya fi na bara ƙarfi. Matar Yaya ta kwanta, dasashinta ya fara zubar da jini, aka ɗauke ta zuwa babban asibiti a birni. ’Yarsu ta fari tana aiki a ɗakin gwajin jini a can, ita ta matsa aka yi wani gwaji na dabam. A bakinta muka fara jin sunan dengi.

Da uwarta ta fara farfaɗowa sai yarinyar ta zo gida. Tsakaninta da Goggo wasan jika da kaka ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Bayan la'asar ta same mu a gindin ceɗiya, ina juye jarkoki.

Goggo ta ce, “Hajiyar birni, an zo a ga ko mun mutu?”

“Tsohuwa, kar ki motsa. Dubi ƙafarki.”

Wani ɗan baƙin sauro ne ya sauka kusa da tabon nan, jikinsa da ƙafafunsa da ɗigon fari kamar zabuwa.

“Sauro da rana tsaka? Wannan bai san lokacin aikinsa ba.”

“Yanzu ne lokacin aikinsa. Da hantsi da kuma yanzu.”

Ta karɓi ƙwarya ta ɗebo ruwa daga randar tsakiya ta nuna mana. Suna nan a ciki suna wutsil-wutsil.

Goggo ta ce, “Waɗannan na san su tun ba a haifi ubanki ba. Abincin kajina ne. Je ki tambayi duk wanda ya bi hanyar nan, wa ya taɓa haɗiye ko guda a wurina?”

“Ba haɗiyewa ake yi ba, tsohuwa. Waɗanda kika tace ba su da sauran illa. Waɗanda suka rage a ciki su ne suke yin fiffike su zama wancan da ya sauka a ƙafarki.”

“Tsutsa ta yi fiffike. Abin da aka tura ki birni ki koyo ke nan?”

“Wannan ba kurkunu ba ne. Ruwanki mai tsabta ne, ban ce ba. Shi wannan sauron mai tsabtar yake so, ba ya zuwa kwata.”

A nan fuskar Goggo ta sauya. Da an ce ruwanta ƙazami ne, da ta san yadda za ta yi faɗa. Ta karɓe ƙwaryarta, ta mayar da faifai, ta ce a tashi a ba ta wuri.

Ni kuwa na bi yarinyar har zaure na hana ta sakat da tambaya, don ba na iya barci a kan abin da na ji rabi. Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure nawa ne. Ta ce ƙwayar maleriya tana ganinta da idonta a madubin nan mai ƙara girman abu da take aiki da shi, amma ta dengi, wadda suke kira bairas, ta yi ƙanƙanta da yawa, wannan madubin ba ya nuna ta. Ita kaɗai ba ta iya hayayyafa, sai ta shiga cikin ’yan ƙananan ɗakunan da jikin mutum ya ginu da su, kamar yadda ƙwaron wake ba ya zama komai sai a cikin ƙwayar wake. Macen sauron ce kaɗai ke cizo. In ta sha jinin mai zazzaɓin, ƙwayar takan yi mako guda ko fiye tana yaɗuwa a cikinta har ta kai ga miyanta, daga nan duk wanda ta ciza har ƙarshen rayuwarta ta zuba masa. Ta ce ƙwayar iri huɗu ce. Wanda ya yi iri ɗaya ya warke, jikinsa ya san wannan. Amma in wani irin ya zo daga baya, jikin yakan yi masa sanin shanu, kuma a nan ne abin ya fi yin muni, har jini ya riƙa tsiyaya. Maganin maleriya ba ya taɓa ta, wasu magungunan ciwon jiki ma ƙara zubar jinin suke yi.

Na ce to a kwashe ruwan a zuba sabo mana.

Ta ce, “Baffa, ƙwan ba a cikin ruwan yake ba. A jikin randar take manna shi, sama kaɗan da inda ruwa ya tsaya. Ko randar ta bushe zai yi watanni yana jira. Ranar da ka ƙara ruwa ya taɓa shi, ranar zai ƙyanƙyashe. Sai an kwashe tas an dirje da soso duk mako, a rufe da murfin da ba ya barin ƙofa. Faifai ba murfi ba ne.”

Dole in faɗi abu biyu a nan, don adalci. Washegari yarinyar ta zaga gidajen unguwa, kuma kusan babu gidan da ba ta samu tsutsar ba. A duro, a tayoyin da aka danne rufin kwano da su, har a kaskon kajin gidana. Randunan Goggo sun ɗauki laifin kowa ne don su ne a bakin hanya. Na biyu kuma, wanda ya fi mini nauyi: ta ce sauron nan ba ya tafiya nesa, kuma a duk unguwar babu inda baƙi daga ko'ina suke zama da rana, ƙafa a waje, a inuwa, kamar gindin ceɗiyar nan. Mai zazzaɓi in ya gaji a hanya, nan yake tsayawa ya sha ruwa.

Yaya ya dawo daga jinyar matarsa ya rame, idanunsa sun faɗa. Bai ko shiga gida ba ya tsaya a kan Goggo, aminin Baba yana zaune a wurin.

“Goggo, ko ki bari a tone su, ko in fasa su.”

“Sannu da hanya. Yaya mai jikin?”

“Da sauƙi. Kin ji abin da na ce.”

“A ɗakina aka yaye ka. A bayan nan nawa ka yi kukan nono har ka gaji. Yau kai ne za ka fasa mini randa?”

“Na ga abin da ba ki gani ba a asibitin nan.”

“To ka bari in mutu, sai ka fasa.”

Sai Yaya ya ce, “Kafin nan wa zai mutu?”

Wannan ita ce maganar da aminin Baba bai yafe masa ba. Ni ban ga laifin Yaya ba, kuma ban ga laifin Goggo ba, abin da ya hana ni cin tuwo ranar ke nan.

Mutane suna cewa taurin kai ta yi. Ba su ga abin da na gani ba. Bayan ’yan kwanaki na zo da kura na tarar ta kwashe randa ɗaya, ta durƙusa a kan yashi, ta zura hannu da kafaɗa har kanta ya shige, tana dirza da soso. Randar da aka binne ba ta karkatuwa, sai dai a kwashe da ƙwarya, na ƙarshen a tsane da tsumma. Da ta ɗago numfashinta yana sama-sama. Na karɓa na ƙarasa. Mun yi haka sau biyu ko uku tare, wuni guda yake ci, ga ciyawa tana cin gonata. Kuma duk lokacin da ta ga ruwan ƙasan randa ana zubar wa kuɓewa, a shekarar da mata ke yin sammako neman bokiti ɗaya, sai ta kawar da kai.

A karo na ƙarshe, muna zaune muna hutawa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Malam Wasiwasi, kai ba ka iya ƙarya ba. Matar yayanka, daga nan ta samo?”

Matar Yaya a nan take zama da hantsi tana taya ta ɓarar kalwa. Na so in ce a'a. Na ce, “Goggo, a kowane gida an samu.”

“Ba shi na tambaye ka ba.”

“Ba wanda zai iya sani sai Allah.”

“Amma yana yiwuwa.”

Na ce yana yiwuwa.

Ta daɗe tana kallon ƙyallen nan nata da ta shanya a reshe. Ta ce, “Ni duk a baki nake tsaro.” Sannan ta ce gobe kar in cika randunan, jarka ɗaya ta isa. Daga ranar ta koma zama da buta mai murfi a gefenta, tana tsiyaya wa wanda ya tsaya. Ta daina tsokanata. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Ba a daɗe ba zazzaɓin ya kama ta. Ta ƙi asibiti, ta ce bara ma ta tashi. Na buga wa ’yar Yaya waya, ta ce a yi ta ba ta ruwa, kuma mu fi sa ido ranar da zafin ya sauka, in ta yi kukan ciki ko amai a taho da ita nan take. Ranar da zafin ya sauka gidan ya cika da hamdala. Ta sha kunu, ta tambayi kajinta. Ni kaɗai nake ta shiga ina fita, har matata ta ce in bar tsohuwa ta huta. Da azahar ta riƙe ciki, hannuwanta suka yi sanyi. Yaya ne ya fita da gudu neman mota, shi ya ɗauke ta a hannunsa ya sa ta a ciki. Ba mu kai titin kwalta ba.

Ba a gwada jininta ba, saboda haka ba zan rantse cewa dengi ne ba. ’Yar Yaya ta ce alamun sun yi kama. Randunan kuwa a bushe suke lokacin da ta kwanta, ko da yake an ce ciwon yakan yi kwanaki a jiki kafin ya bayyana. Na juya lissafin nan a kaina har na gaji, bai ba ni amsa ba.

Ranar arba'in, bayan an shafa fatiha baƙi sun watse, muka zauna a zaure: Liman, aminin Baba, Yaya da ni. Aminin Baba ya ce ruwan nan sadaka ce mai gudana, wanda ya yanke ta ya yanke wa mamaciya lada. Liman ya ce haka ne, amma addini bai yarda a cutar da mutane ba ko da niyyar alheri. Yaya ya saurara har suka gama. Fushinsa ya tafi, gajiya ce kawai ta rage.

Ya ce, “Ni ba gaba nake da randa ba. In akwai wanda zai ɗauki alkawari a gaban Liman cewa duk mako zai kwashe ya dirje, rani da damina, ba fashi, na bar su. In babu, ba zan sake kai wani asibiti a kansu ba.”

Duk suka dube ni. Sun san ni ne mai son a bar su.

Na buɗe baki in ce na ɗauka. Sai na tuna da an gama girbi zan tafi cin rani, don abin da ke gonata ba zai kai mu ba. Na tuna matata da goyo da tafiyar neman ruwa. Na tuna mako ɗaya tak in aka tsallake ya isa. Alkawari a gaban Liman ba abin da ake ɗauka da fatan Allah Ya sa a iya ba ne. Na yi ta neman hanyar da zan ce e ba tare da na yi ƙarya ba, ban samu ba.

Na ce, “Ba zan iya cewa ba fashi ba.”

Aminin Baba ya ce shi da yana gani da ya ɗauka. Yaya ya miƙe zai ɗauko taɓarya.

Sai muka ji muryar matar Yaya daga bayan ƙofar zaure, inda ashe take tsaye tun ɗazu. Har yanzu muryarta ba ta gama dawowa ba. Ta gaida Liman, ta ce tana da magana ɗaya. Ta ce kada a farfashe su a zubar a juji. Ta ji maza suna cewa a jana'izar da aka yi makon jiya an rasa tukwanen rufe kabari, itace ma sai da aka bi gida-gida. Ta ce a raba su da kyau a kai maƙabarta, wanda danginsa ba su da hali a rufe shi da su.

Liman ya ce wannan ma sadaka ce, kuma ba ta buƙatar alkawarin kowa.

Da yamma muka tone su. Saiwar ceɗiya ta kama ɗaya ta nannaɗe, sai da muka sara. Yaya bai taɓa taɓaryar ba. Da bakin tsohuwar adda ya riƙa ƙwanƙwasawa a hankali yana bin layi, har kowace ta rabu gida-gida manya. Shi ya tura kurar har maƙabarta, bai yarda na karɓe shi ba. Aminin Baba ya biyo mu a baya da sandarsa, kuma a bakin maƙabartar na ga ya dafa kafaɗar Yaya don ya haye kwalbati, bai sauke hannun ba har muka isa.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya karɓi abin da ta nufa, Ya yafe mata abin da ba ta sani ba, Ya shayar da ita daga tafkin Manzonsa. Wanda ya taɓa sha a hannunta ya karanta wannan, ina roƙon ya ce amin a hankali.

Mun jera su a gindin katanga, na bi ɗaya bayan ɗaya na kife su, don ko ɓarin randa in ya kalli sama yana tara ruwa. Liman ya ce za su ishi mutum biyu ko uku. Shekaranjiya aka ɗauki na farko, aka rufe wata jaririya.